Kumbon Ezra Ya Motsa

Talata, 10 ga Yuli 2018, da hantsi

Ba zan rubuta zancen ranar Alhamis ba. Na faɗa wa jami'ai, na faɗa wa Fasto, na faɗa wa matata Saratu a waya har muryata ta dushe. Abin da zan ajiye a nan kawai shi ne, gawarwakin da aka kawo asibitinmu bayan 'yan bindiga sun tare hanyar Bagega, ni da hannuna na ɗaga mayafin kowannensu, kuma ɗana Ezra ba ya ciki. Ba ya cikin waɗanda suka fito daga daji da ƙafarsu washegari. Layinsa a kashe. Ba wanda ya kira ni.

Ɗazu ina ɗibar jinin wata yarinya 'yar Abare don gwajin gubar dalma, wayata ta yi wani ƙara da ban san ta da shi ba, kamar an buga cokali a kofi. Sai da na gama, na liƙa wa kwalbar suna, na wanke hannu, sannan na duba. Layi ɗaya ne da Turanci: abokinka Ezra ya shiga wasa.

Na zauna a benci cikin masu jinya. Uwar yarinyar ta matsa mini, ta zaci jiri ne ya ɗebe ni.

Talata, bayan la'asar

Wasan na waya ne, na kumbon sama jannati. Mutane daga ƙasashe daban-daban suna shiga lokaci guda, kowa da kumbonsa, wasu na fasa duwatsun sararin samaniya su kwashi ƙarfe, wasu na tare su su ƙwace. Da Ezra ya zo mini nan Anka bayan Ista, da takardar difloma da babu aiki, kullum kansa na kan abin nan. Shi ya saka mini a waya, wai ana ba shi kyautar mai idan ya gayyato wani. Na yi masa faɗa ya cika mini waya da shirme. Ya yi dariya, ya rubuta mini suna a ciki: Tsoho. Ban taɓa buɗewa ba. Daga baya ya sami aikin gyaran injin niƙa dutse a Bagega, yana zuwa mini duk Alhamis.

Na kai wa Hudu wayar. Hudu mai shagon caji ne a bakin kasuwa, sa'ana ne, furfurarsa ma ta fi tawa, kuma duk wayar da ta shigo garin nan ta taɓa kwana a hannunsa. Ya karanta.

"Likita," in ji shi, don nan duk mai farar riga likita ne, "wanga ba layi ba ne. Ko an cire layin yaro, in an sa wani, wasan shina tashi. Wayar dai na nan da rai."

"Wayar," na ce.

"Wayar nic ce. Ban ce maka komi bayan wannan ba."

Na gode masa da bai ƙara ba. Da wasu ne, da sun fara rantse mini da Allah yana nan lafiya, kamar sun gan shi.

Muka buɗe. Tambayar farko da aka yi mini ita ce wace tuta zan bi, ja ko shuɗiya. Na tambayi Hudu mene ne bambancin. Ya ce shi kwallo kaɗai ya taɓa bugawa a waya. Na danna shuɗiya, saboda irin launin zanen zumuntar mata na cocinmu a Zonkwa ne, wanda Saratu ke ɗaurawa.

Laraba, 11 ga Yuli, da rana

Ba a barin sabo ya aika wa kowa saƙo sai ya gama horo. Ba a barinsa ya fita daga unguwar sababbi ma. Na nemi wurin da zan rubuta musu cewa ni ba wasa na zo yi ba. Babu irin wannan wuri.

Horon farko, ka fito da kumbo daga tasha. Na buga bangon tashar har na daina ƙirgawa. Yatsana ya yi kauri, in na ce dama sai abin ya yi sama. Ba ƙasa ba sama a wurin nan, taurari na juyawa kawai, har na fita bayan ɗakin gwaji na yi amai. Ni, mutumin da ke samun jijiyar jariri a cikin duhu.

Kusa da sunan Ezra akwai ɗan ɗigo. In yana ciki kore ne, in ba ya ciki toka-toka. Yau ya yi kore wajen azahar.

Alhamis, 12 ga Yuli, da safe

Alhamis. Na auna shinkafar mutum biyu kafin na tuna.

Alhamis, da yamma

Akwai zauren hira na sababbi, inda kowa ke jefa tambaya. Na tattara Turancina na rubuta. Yaya ake tsayar da kumbo? Idan an harbe ni, na mutu ke nan ko ina dawowa? Mai yana ƙarewa a hanya? In ya ƙare wa zai zo ya ɗauke ni? Ana iya ganin inda wani yake? Wanda nake nema zai san ina nemansa?

Wani ya ce in je in karanta littafin jagora. Wani ya ce kakansa ya fi ni. Wani ya turo fuskoki masu dariya jere. Ban ji haushinsu ba, yara ne, kuma ba su san da wa suke magana ba. In da gaskiya, ni ma haka nake amsa wa sababbin ma'aikata idan sun tambaye ni inda ake ajiye auduga.

Mutum ɗaya ce ta amsa da kyau. Ta ce ita nas ce a Manila, tana shiga lokacin hutun aiki. Ta bi tambayoyina ɗaya bayan ɗaya. Birki babu, sai ka juya hanci ka hura baya. Idan an fasa kumbonka kana farkawa a tasha da wani ƙarami, amma kayan da ke ciki sun tafi. Ta ce sabo ya zauna inda masu gadi suke, kada ya bi hanyar da ba kowa, kada ya ɗauki kaya masu tsada shi kaɗai. Na karanta wannan na ajiye wayar. Na yi tafiyar nan duka zuwa sama don a faɗa mini abin da direbobin tashar Anka ke faɗa.

Asabar, 14 ga Yuli, da rana

An yi ruwa tun safe. Ɗigon bai yi kore ba.

Lahadi, 15 ga Yuli, bayan coci

Bai yi kore ba.

Fasto ya sa a tashi a yi mini addu'a. Na tsaya a gaba hannuna cikin aljihu, riƙe da waya, ina jiran ƙarar cokali. Allah ya gafarta mini, ban ji kalma ɗaya ba.

Litinin, 16 ga Yuli, da la'asar

Rana ta fito, ya yi kore. Hudu ya ce ya lura, ranar hadari ba ya tashi, ranar da rana ta buɗe yana tashi bayan azahar. "Da sola aka cajin wayar ga," in ji shi. Bai faɗi inda ake caji da sola kaɗai ba. Ni ma ban tambaya ba, dukanmu mun san daji ne.

An turo wasu jami'an tsaro daga Gusau, sun zauna da mu a ofis, sun ce a yi haƙuri, ana kan aiki. Shekarun da na yi a garin nan ina tsotsar jinin 'ya'yan mutane ina faɗa wa iyayensu a yi haƙuri, yau an maida mini kalmar, na ji ɗanɗanonta. Na so in tashi in ce musu ni baƙo ne, na ba ƙasar nan ƙuruciyata, ga abin da ta biya ni. Ban ce ba, don ba gaskiya ba ce duka. Inna Aisatu, mai gidan da nake haya, surukinta na cikin waɗanda na ɗaga wa mayafi. 'Yar garin ce kaka da kakanni. Tana cikin zaman makoki, amma ba daren da ba ta aiko mini tuwo ba. Jiya ta tare ni a zaure ta ce, "Yohanna, kwanon na dawowa yadda yat tahi. In ba ka ci don kanka ba, ci don kar in ji kunya."

Na ci rabi.

Laraba, 18 ga Yuli, da yamma

Na gama horo. An buɗe mini ƙofa.

Na danna sunan Ezra in rubuta masa, aka ce ba a aika wa abokin gaba saƙo. Na sake dannawa. Na koma zauren hira na tambaya. Nas ɗin ta ce, wace tuta kake? Na ce shuɗiya. Shi fa? Na duba. Ja.

Ta ce masu tuta daban ba sa magana, sai dai su haɗu a fili. Ba a canza tuta. Sai dai ka share komai ka faro daga farko.

Hudu ya dafe kai. "Kai kuwa Likita, duk launin duniya sai na zanen matarka?"

"Kai da kake zaune kusa da ni me ka ce?"

"Ni na ce maka kwallo nika bugawa."

Muka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Daga nan na shiga bayan shagonsa inda janareto yake, na daɗe.

Alhamis, 19 ga Yuli, bayan azahar

Na ce tunda ana haɗuwa a fili, zan je filin. Taswira na nuna yankin da aboki yake. Nisa ne, ƙofa bayan ƙofa, ta cikin inda nas ɗin ta ce kada sabo ya bi. Na zauna a gindin tankin ruwa na asibiti, nan ne sabis ya fi ƙarfi, na tafi.

Na gan shi. Kumbo ne babba mai ƙiba, kamar tirelar hatsi, sunan ɗana a rubuce a samansa. Yana tsaye kusa da wani dutse. Na matsa a hankali. Ban san me na zaci zai faru ba. Ina jin na zaci zai ga Tsoho ya gane.

Ya juyo. Wuta ta fito. Na farka a tasha.

Na koma. Ya sake.

Juma'a, 20 ga Yuli, da hantsi

Na roƙi nas ɗin ta duba mini tarihin wannan kumbon, don tsofaffin 'yan wasa suna iya gani. Ban faɗa mata dalili ba. Ta dawo ta ce abin da mamaki. Mai kumbon nan tun da ya fara mai haƙo ne, bai taɓa harbin kowa ba, har lambar yabo yake da ita ta jan sababbi da mansu ya ƙare. Amma daga farkon watan nan ya daina haƙo. Harbi kawai yake, duk abin da ya gifta, har na tutarsa. Kuma bai iya tuƙi ba, yana ta buga duwatsu. Ta ce ko dai ya sayar da wasan, ko ƙaninsa ya ɗauki wayar.

Ezra ba shi da ƙane.

Ta tambaya ko lafiya. Na ce lafiya, na gode. Na je na ɗibi jinin yara har aka tashi.

Asabar, 21 ga Yuli, da yamma

Saratu ta kira. Ta ce ta haɗa kaya, gobe za ta hau motar Gusau. Na ce kada ta kuskura, hanyar ba ta mutane ba ce yanzu. Ta ce to me nake yi ni da nake nan. Ban san abin da ya kai ni ba, na faɗa mata zancen wasan. Na fara yi mata bayanin tuta.

Ta katse ni.

"Baban Ezra," ta ce, a hankali, "wasa kake yi?"

"Ba haka ba ne, Maman Ezra."

"Ni ina nan ina azumi, gwiwata ta yi kanta, kai kana can kana wasan jirgi."

Na bar ta ta faɗi duk abin da ke ranta. Tana da gaskiyarta. In ni ne a Zonkwa aka faɗa mini haka, da na faɗi abin da ya fi nata. Abu ɗaya ban faɗa mata ba, abin da nas ɗin ta gani. Wannan nawa ne.

Litinin, 23 ga Yuli, da safe

Hudu ya ciro wata tsohuwar waya daga akwatin waɗanda masu su ba su dawo ba, gilashinta a tsage. Ya ce in faro a nan, kada in yi da tawa, don tawa na manne da ta yaron. Na danna ja. Na sa suna Manomi.

Horo daga farko. Wannan karon bango sau ɗaya na buga.

Talata, 24 ga Yuli, da rana

Hadari. Toka-toka. Ina horo.

Laraba, 25 ga Yuli, da rana

Toka-toka. Idan wayar ta lalace fa? Idan ya gaji da wasan ya goge? Ina zaune ina roƙon Allah kada mutumin da ya harbe ni ya gaji da wasa. Ga inda na kai.

Alhamis, 26 ga Yuli, bayan la'asar

Na gama. Wurin rubuta saƙo ya buɗe, fari tas. Na fara: Ni ne mahaifin mai wayar nan. Hudu ya fizge wayar daga hannuna, abin da bai taɓa yi ba.

"Ka haukace?"

"Ba ni. In suna da shi su faɗi abin da suke so."

"Zauna, Likita. Duk waɗanda anka tahi da su ran nan, an kira gidajensu. Kai ba a kira ka ba. Lambarka na cikin kan yaron ga ko ba ta ciki?"

"Tana ciki."

"To abu biyu ne. Na farin ba ni faɗinai. Na biyu, shina nan, kuma ya ce musu ba shi da kowa. In haka ne, shi ya san abin da ya gani da ya sa ya ɓoye ka. Kai kuma ka tashi ka rubuta musu ga ubanai, likita, mai aiki da Turawa, a Anka, gidan Inna Aisatu. Ka ƙara musu da lambar ɗaki mana."

Na zage shi. Ya bar ni na gama, ya miƙo mini ruwan leda.

"To me zan rubuta?"

"Mi ka iya rubutawa cikin abin ga tun da ka fara?"

Tambaya. Ita kaɗai na iya.

Akwai wani dutse mai jijiyar kore a bakin tashar jajaye, tun jiya nake haska masa wuta ya ƙi fashewa. Na rubuta da Hausa, kamar wani ɗan gari da ya faɗo wasan: Salamu alaikum ɗan uwa. Na ga sunanka kamar na ƙasarmu. Ni sabo ne. Yaya ake fasa dutsen nan mai kore? Ya ƙi ni.

Hudu ya karanta sau biyu ya ce aika. Ɗigon toka-toka ne. Na aika.

Juma'a, 27 ga Yuli, da azahar

Kore. An buɗe saƙon, alamar ta nuna. Ba amsa.

Garin ya tafi masallaci, ni ina gindin tanki. Na yi tunanin duk hanyar da zai iya gane ni. Hausata ta kudu ce, ta fito a rubutu? Ya nuna wa wani? Duk babur da ya tsaya a ƙofar asibiti sai na miƙe.

Asabar, 28 ga Yuli, da la'asar

Ina shagon Hudu amsar ta shigo. Zan kwafe ta yadda take.

"ban iya ba. ni halbi nika yi. mai wayar shi ya iya. bari in tambai shi"

Na karanta. Na miƙa wa Hudu. Ya karanta a fili, ya tsaya a kan kalmomin ƙarshe, ya sake karanta su. Wani ya zo karɓar wayarsa, Hudu ya ce masa an rufe, alhali ƙofa a buɗe take.

"Zai iya zama ƙarya," na ce.

"Zai iya."

Muka zuba wa tsagaggen gilashin ido. Ban san tsawon lokacin ba. Janareto ya mutu, ba wanda ya tashi. Sai ga rubutu, guntu-guntu, irin na wanda ake faɗa masa yana bugawa da yatsa ɗaya.

"yace wutarka ce ba daidai ba"

"yace ka koma tasha ka sa baki na biyu mai siriri"

"kada ka haska tsakiya. ka bi jijiyar daga gefe"

"yace in yayi zafi ka saki ka kirga ukku ka sake. yace sababbi duk gaggawa ita ka kashe su"

Na koma tasha. Hudu ya riƙe mini wayar ni ina dannawa. Na sa baki na biyu. Na bi jijiyar daga gefe. Ya yi zafi, na saki, na ƙirga uku, na sake.

Dutsen ya tsage biyu.

Hudu ya kife fuskarsa a kan tebur cikin wayoyin mutane, yana ta alhamdu lillahi. Wanda ke harbi bai san wannan ba, shi da bakinsa ya faɗa. Wanda ya sani yana zaune kusa da shi yau, da la'asar ɗin nan, yana da bakin magana, har yana da ƙarfin raina wa sababbi.

Na rubuta: Ya fashe. Ka gode masa. Amsa ta zo: "to". Ɗigon ya koma toka.

Na kira Saratu daga bayan shago. Na faɗa mata. Ba zan rubuta abin da ta yi ba, nata ne.

Ban san inda yake ba. Ban san ko yana cin abinci ba, ko ƙafarsa a ɗaure take. Ba zan iya tambaya ba, kuma ba zan iya cewa ni ne ba. Abin da na sani, muddin mutumin nan na son wasan, yana bukatar wanda ya iya, kuma muddin ina tambaya, sai ya juya ya tambaye shi. Hudu ya ce tambaya ɗaya a rana, kada in yi yawa ya gaji, kada in yi mai wuyar da yaron zai kasa.

Da zan tafi ya bi ni har bakin hanya.

"Likita, in tambayoyin sunka ƙare fa?"

"Ba za su ƙare ba," na ce. "Ban iya komai ba."